Akwatin Kaka

 Yau kwana 40 ke nan da muka raka kakata makwancinta a nan Mubi, kuma ina roƙon ku ba ni aron hankalinku, don sharhin yau a kanta zan yi shi. Ba zan faɗi sunanta ba, ita kanta ba ta son a riƙa ambatonsa a bainar jama'a. Mu jikoki Kaka muke ce mata. Mutanen unguwa kuwa, Fulani da Guɗe da Fali da Margi da Hausawa, kowa Dada yake kiran ta.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki, tabarmin gidanmu da na maƙwabta duk suka kasa. Mun san dangi za su zo, na Maiha, na Yola, da na tsallaken iyaka. Sai ga shi waɗanda ba mu zata ba su ne suka fi yawa. Wani dillalin shanu ya taso daga tike, ƙurar kasuwa har gwiwarsa, ya durƙusa gaban kawuna ya ce, "Baba, ita ta yanke mini cibiya, ita ta yanke wa 'ya'yana huɗu." Daga nan magana ta ƙi fita, ya cire hula ya rufe fuska. Da la'asar mata 'yan Zumunta na majami'ar EYN suka shigo cikin zannuwansu na anko, wata da ƙunshin itace a ka, wata da ƙwaryar dawa, suka zarce madafa ba wanda ya nuna musu hanya, don sun san inda kowace tukunya take. Rana ta uku wani dattijo ya sauka daga motar Kudu, Hausarsa duk ta gudu sai kaɗan. Ya ce a shekarun 1980 yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda muke ce wa Poli, kuɗinsa ya yanke, ya ci tuwon Dada zango biyu ba ta taɓa tambayar sa ko kwabo ba. Ina zaune ina amsa gaisuwa, ina jin labarin tsohuwar da na tashi a ɗakinta daga bakin mutanen da ban taɓa gani ba.

Ba a rubuta ranar haihuwarta ba. In na tambaye ta shekarunta, sai ta ce, "Maigida, me za ka yi da su, sadaki za ka ƙara?" Kun san wasan kaka da jika. Da abubuwan da suka faru take lissafi: shekarar yunwa, shekarar da bushiya ta ƙarar da shanu, shekarar canjin kuɗi. Amma babban ma'auninta shi ne shekarar ƙuri'a, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin yaranmu da yawa ba su san cewa kakanninsu na Mubi ba a cikin Najeriya aka haife su ba.

Jamusawa ne suka kama garin nan a 1903, suka haɗa shi da ƙasar Kamaru da ke hannunsu. Turawan Ingila suka ƙwace shi a 1914, daga baya suka ci gaba da riƙe wannan yanki a matsayin amana, da sunan Arewacin Kamaru. Da Najeriya ta sami 'yanci a 1960, mu ba mu bi ta nan take ba. Sai a watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi ƙuri'ar raba gardama: Najeriya za ku bi, ko Jamhuriyar Kamaru? Mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yunin 1961 aka haɗe, yankin ya zama Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a waccan ƙuri'a har da mata aka yi, alhali a wadda aka yi a 1959 maza ne kawai. Matan Kano da Katsina da Sakkwato ba su shiga layin babban zaɓe ba sai 1979, bayan gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba. Kaka ta shiga nata layin shekara 18 kafin su, da goyon ɗanta na biyu a baya. Tun da sai mai shekara 21 ake ba takarda, mun lissafa ta haura 85 a duniya.

Na sha tambayar ta wane akwati ta jefa wa. Har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba. Yayanta da suke ciki ɗaya yana can tsallake wajen Gidar, mijinta yana nan. Ta ce an gaya musu sirri ne, ita kuwa in aka ce mata abu sirri ne, to ya shiga ke nan.

Tana zaune a gida ɗaya, ƙarƙashin bishiyar darbejiya ɗaya, sunan wurin ya yi ta sauyawa a kanta: Lardin Sardauna, Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Ita dai abin da ta sani, kogin Yedzaram yana cika da damina, duwatsun Mandara suna nan inda suke, gyaɗa kuma tana shigowa kasuwa da kaka.

Kakanmu ya rasu a 1973, shekarar da fam da sule suka koma naira da kwabo, ya bar ta da 'ya'ya shida. Da ta fita takaba masu neman aure suka zo, ta ce ba za ta rarraba marayu a gidajen dangi ba. Gyaɗa ta riƙe su. Wanda bai taɓa ganin yadda ake fitar da man gyaɗa da hannu ba, ba zai san nauyin kwalba guda ba. A ɓare gyaɗar, a soya ta cikin rairayi kan murhu har ta yi ja, a murza, a sheƙe ɓawon, a daka a turmi, daga baya da injin niƙa ya zo a kai inji. Sannan a zuba a turmi ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso. A kwashe mai, tunkuzar da ta rage a mulmula ta a soya, ƙuli-ƙuli ya samu. Wannan aikin rana ne. Kafin shi, tun kiran sallar farko ta dama kunun gyaɗa, yara sun fita da shi bakin hanya. Da aka dawo da Poli daga Yola zuwa Mubi a 1982, gari ya cika da ɗalibai daga kowace kusurwa, sai ta ƙara da tuwon dawa da miyar yakuwa a zaure da dare. Da wannan kuɗi ta aurar, da shi ta sayi littafi da rigar makaranta. Lokacin da aka buɗe karatun firamare kyauta a 1976 wasu suna ɓoye 'yan matansu a rumbu, ita ta riƙe hannun ƙananan 'ya'yanta mata biyu ta kai su da kanta. Ɗaya daga cikinsu ita ce mahaifiyata.

Ita ce uwar adashin unguwa shekaru da yawa, ba ta kuma san ko bihim na boko ba. Dabararta ita ce, duk matar da ta shiga sai ta yago ɗan ƙyalle daga tsohon zaninta ta ba ta. A cikin wannan ƙyallen take ƙulle zubin matar, ta jefa cikin wani akwatin ƙarfe mai zanen furanni da ke ƙarƙashin gadonta. In ta ga ƙyallen ta san mai shi, ta san nawa ta zuba, ta san yaushe ɗaukarta. Ban taɓa jin an yi musu da ita a kan sisi ba.

To jama'a, duk wannan neman abinci ne, kuma akwai dubban mata irinta a Lokuwa da Kolere da Yelwa da Shuware da Wuro Patuji. Abin da ya cika gidanmu ranar makoki wani aiki ne daban, wanda ba a biyan ta.

Kaka ungozoma ce. Daga wajen gwaggonta ta koya. Tun ina yaro na san ƙarar bugun ƙofar tsakar dare: sau biyu a hankali, sannan muryar namiji a rikice yana cewa, "Dada, abin ya taso." Ba ta tambayar wane ne, ba ta tambayar masallaci yake zuwa ko coci. Ta jawo akwatin, ta ɗauki reza da zare da sabulu, ta yafa mayafi, ta kunna aci-balbal, daga baya tocila, ta bi shi. Wani lokaci sai hantsi take dawowa, ta yi alwala, ta rama barci kaɗan, ta hau suyar gyaɗa. Kwana bakwai tana zuwa wankan jariri da gashin cibiya safe da yamma. Ranar suna a ba ta ɗan nama da goro da sabulu, mai hali ya ƙara da turmin atamfa. Gidan da ba su da shi, ita ce ke kai musu kwalbar mai da mudun gero, ta ce na mai jego ne.

Ba zan ce muku duk abin da ta gada daidai ne ba, ita ma ba ta ce haka ba. Akwai wata yarinya, haihuwar fari, da ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki. Mijin ya yi tafiya fatauci, ba wanda ya yarda ya ba da izinin a fita da ita, ita kuma yarinyar kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi a gaban surukai. Kafin a sami mota jini ya ɓalle. Kaka ce ta wanke ta, ta wanke abin da ta haifa. Wannan mutuwa ta sauya ta. Daga ranar, in ciki ya kai wata bakwai sai ta je ta sami maigidan a zaure, ta zauna, ta ce, "Ɗana, izini na zo karɓa tun yanzu. In abu ya gagare ni, ko kana nan ko ba ka nan, asibiti zan kai ta. Ka kuma ajiye kuɗin mota a hannun mahaifiyarka." Ba namijin da ya iya kallon idonta ya ce a'a, tun da yawancinsu ita ta fara ɗaukar su a duniya. Ga mai naƙuda kuma takan ce, "Bar kunyar nan, yi kuka in ji inda ke miki ciwo." Ta kafa wa kanta doka: in rana ta fito ta faɗi, ko ta faɗi ta fito, ba a haihu ba, ko ƙafa ta kumbura ana ciwon kai da jijjiga, ko jini ya wuce kima, to ba aikinta ba ne, na likita ne.

Da jami'an lafiya suka fara tara ungozomomi suna koya musu, tana sahun gaba, ita da ta girmi masu koyarwar. Ta bar tsohuwar aska ta koma sabuwar reza, kowace haihuwa da tata. Ta riƙa dafa zare. Ta hana shafa toka ko kashin shanu a cibiya bayan ta gane daga nan cutar sarƙe-haƙora ke shiga jariri. Ta daina yankan gishiri, ta kuma yi faɗa da masu yi, don ta ga matan da ya jefa cikin yoyon fitsari. Da aka gaya mata likitocin Zariya tun shekarun 1970 sun gano yawan kanwa a kunu da tsananin zafin wankan jego suna kumbura mace su raunana mata zuciya, sai ta rage kanwa ƙwarai. Ruwan zafin kam ba ta taɓa yarda ta bari gaba ɗaya ba, sai dai ta sa a sirka. A nan ita da 'yarta ma'aikaciyar jinya suka yi ta ja har ƙarshe.

Haka ta yi a kan rigakafi. Kun tuna 2003, lokacin da jita-jita ta cika Arewa cewa ɗigon shan-inna yana hana haihuwa, har wasu jihohi suka dakatar da shi. Maganar ta iso nan ma, ana rufe wa masu ɗigo ƙofa. Kaka ta ga agana da idonta tana yarinya, ta ga waɗanda ta kashe da waɗanda ta bari da zanzana ko makanta, ta kuma ga yadda lamba a damtse ta kawar da ita daga duniya. Ba ta yi wa kowa dogon bayani ba. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta jera jikokinta da tattaɓa-kunnenta, aka ɗiga musu kowa na kallo. Sannan ta tashi ta bi ma'aikatan gida gida, ita ke yin sallama. A Najeriya an ga na ƙarshen asalin cutar shan-inna a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. An yi jawabai, an yaba wa gwamnatoci da sarakuna da masu ba da tallafi, kuma sun cancanta. Amma ƙofar gida ba da jawabi take buɗewa ba, sai an ji muryar da aka sani a waje.

Ɗaya aikin nata shi ne wanda mutane ke gudu. Ita ke wankan gawar mata a unguwarmu. Ganyen magarya, kafur, ruwa mai ɗumi, da farin yadi. Takan ce da hannun da ta karɓi mutum da shi take sallamar sa. Shekaru fiye da 40 tana wannan, ba a taɓa jin ta fito ta ce ta ga kaza a jikin wance ba. In maƙwabciya Kirista ta rasu, tana can tare da 'yan Zumunta, tana ɗora tukunya, tana riƙe da 'ya'yan mamaciyar.

Sai shekarun da ba ma son tunawa suka zo. Daren 1 ga Oktoban 2012 aka bi ɗakunan ɗalibai a Wuro Patuji ana kiran suna ana kashewa, fiye da mutum 20. Kaka ta kwana uku ba ta ci abincin kirki ba, tana cewa 'ya'yan mutane ne aka ba garin nan amana. Ranar 1 ga Yunin 2014 bam ya tashi a Kabang ana watsewa daga kallon ƙwallo. A watan Agusta da Satumba na shekarar Gwoza da Madagali da Gulak da Michika suka faɗa hannun Boko Haram, mutanensu suka kwararo Mubi da abin da ke jikinsu kawai. Gidanmu mai ɗaki biyar ya ɗauki mutum sama da 30. Ba hukumar da ta aiko su, ba wanda ya rubuta sunansu. Kaka ta buɗe buhunan gyaɗar da ta saya don sana'ar shekara, aka dama kunu da su har suka ƙare. Ta bar wa wata mai tsohon ciki daga Michika gadonta, ta koma tabarma.

Ranar 29 ga Oktoba, Mubi kanta ta faɗi. Duk wanda ke garin nan ran nan yana da labarinsa, ba sai na tuna muku ƙarar ba. Kaka ta ce ba inda za ta, ta tsufa da gudu. Abin da ya tashe ta shi ne matar nan mai ciki. Ta dube ta, ta dubi cikin, ta ce a ɗauko mata reza da zare da sabulu, ta ƙulle a bakin zani. Akwatin ta sa aka tura cikin rumbu aka rufe da ƙaiƙayi. Suka bi ayarin da ya nufi iyaka ta wajen Sahuda, a ƙafa, tsohuwa mai shekara 70 da ɗoriya, jikoki na karɓa-karɓar goyon ta in gwiwa ta ƙi. A dare na biyu, a gindin wani dutse, naƙuda ta taso. Mata suka kewaye da zannuwa, wani yaro ya haska da wayarsa yana kallon gefe. Namiji aka samu. Yaron nan yanzu ya isa shiga sakandare, kuma mahaifiyarsa ta kawo shi gaisuwa.

Ta cikin Kamaru suka zagaya suka sauka Yola. A can ma, yawancin waɗanda suka gudu ba sansanin Damare ko Malkohi ne ya ɗauke su ba, gidajen mutane ne, gidajen wasu kakannin irinta. Majami'ar Saint Theresa ƙarƙashin Bishop Stephen Mamza ta buɗe ƙofa, Jami'ar Amurka ta Najeriya da malaman Musulunci da na Kirista suka haɗa kai suna rabon abinci. Da mafarauta da 'yan banga da sojoji suka ƙwato Mubi a tsakiyar Nuwamba, Kaka tana cikin waɗanda suka matsa a koma da wuri. Ta tarar an fasa ɗakuna an kwashe abin da aka kwashe, amma akwatin yana nan cikin ƙaiƙayi. Matan adashi suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, tana miƙa wa kowace ƙullinta. Wasu da wannan kuɗin suka sake ɗora tukunya. Biyu ba su dawo ba, ta sa aka nemo 'ya'yansu aka ba su. Ranar 21 ga Nuwamban 2017, da bam ya tashi ana sallar asuba a masallacin Unguwar Shuwa ya kashe mutum kusan 50, duk farin yadin da ke akwatin ta fitar ta aika.

Bayan 2014 ƙungiyoyin agaji sun shigo Mubi da yawa, sun yi aiki, yaranmu sun sami abin yi. Yanzu in ka ce wa matashi aikin sa kai, abin da ke faɗo masa a rai shi ne riga mai tambari, da takardar sa hannu, da ɗan alawus a ƙarshen wata. Ban raina wannan ba, yunwa ba ta san sa kai ba. Sai dai Kaka ba ta taɓa kiran abin da take yi da wannan suna ba. In ka yaba mata takan ce, "Haƙƙin maƙwabtaka ne, in ban yi ba wa zai yi?" Kuma ba ita ta fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura malamai mata da ake kira jajis ƙauye ƙauye suna koyar da mata, suna kula da marasa lafiya da masu jego. Zumuntar mata a majami'un yankin nan ta daɗe tana haka. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ta zo ta tarar da hanya a share. Tsofaffin nan su ne asibitin farko, su ne bankin unguwa, su ne masu sulhun aure kafin magana ta kai gaban alƙali.

Abin da ke damuna, yabo ba ya da tsada, mu kuwa da shi muka fi biyan su. Hayaƙin murhu na shekara 50 ya cinye wa Kaka ido. Gwiwoyinta sun ƙare a hanyoyin dare. Ba fansho, ba katin asibiti. A farkon 2023 da takardun kuɗi suka ɓace, tsofaffi irinta da ba su da asusun banki su ne suka fi shan wuya, na ga wata ƙawarta tana musayar ƙuli-ƙuli da magani. Mu maza muna zaune a majalisa muna cewa Allah ya saka wa Dada, amma nawa ne cikinmu suka taɓa tambaya da me take sayen reza da sabulu da yadi? Daga ribar gyaɗa take saye. In akwai irinta a unguwarku, kuma na san akwai, kada ku jira ranar makoki. Ku biya mata kuɗin duba ido. Masu unguwanni da limamai da fastoci sun san su da suna, ba abu ne mai wuya ba a haɗa su da asibitin da ke kusa a riƙa ba su kayan aiki. Ku kuma tura 'yan mata su zauna kusa da su su koya, don akwai unguwannin da yau in mace ta rasu sai an yi ta neman mai wanka har rana ta take.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma yana ci mini rai. Shekara da shekaru ina zaune gaban wannan makirfo, na ɗauki muryar 'yan siyasa da 'yan kasuwa da manyan baƙi. Ban taɓa ɗaukar muryar Kaka ba. Kullum ina cewa sai na sami sarari. Labarin layin ƙuri'ar 1961 daga bakin wadda ta tsaya a ciki, da sunayen ganyayen da ta sani da Fulatanci da Guɗe, da yadda take cewa "jaɓɓama" in baƙo ya yi sallama, duk yanzu sai abin da ƙwaƙwalwata ta riƙe.

Ba ta yi doguwar jinya ba. Kwana tara ta yi a kwance, tana cikin hankalinta, tana tambayar ko wance ta sauka. Ta cika bayan sallar asuba. Ta daɗe tana gaya mana likkafaninta yana cikin akwati, ta saya da kuɗinta, kada a wahalar da kowa. Gwaggona ta jawo akwatin ta buɗe. Ga sababbin reza a takarda, ga zare, ga sabulu, ga kafur, ga ƙulle-ƙullen ƙyallaye guda bakwai. Babu likkafani. Muna ta dube-dube sai wata matashiya da ta yi shekara biyar tana riƙe mata tocila ta ce, da damina wata baƙuwa ta rasu a tasha ba a san danginta ba, Dada ta ba da shi, kuma wannan ne karo na huɗu da ta sayi nata ta bayar. Kafin a gama haƙa kabari, farin yadi ya shigo daga gida biyar.

Ƙullin nan bakwai, ranar sadakar bakwai aka baza su a faifai, matan suka zo kowace ta gane ƙyallen zaninta ta ɗauka. Akwatin kuma iyayenmu suka yi shawara suka ba matashiyar. Shekaranjiya da dare aka buga mata ƙofa, ta je, ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta sa aka kira mai Keke Napep suka tafi asibiti, don ta riga ta karɓi izinin maigidan tun watan jiya. Da hantsi aka aiko mana cewa an sauka lafiya, mace aka samu, kuma ranar suna sunan Dada za a sa mata.

Allah ya jiƙan Kaka, ya jiƙan naku da suka riga mu.